Wata Shidan Saje Andarawus

Ɗaya daga cikinku, dogon nan mai farin takalmi, na ji shi jiya bayan darasi yana cewa in ya gama makarantar Littafi yana so a fara tura shi riƙon ƙwarya, wai don ya ɗan huta kafin a ba shi tasa ikilisiyar. Ban ce masa komai ba, domin bakina cike yake da goro a lokacin. Yau zan ce.

A zamaninmu fastocin ƙasa na ikilisiyar Lutheran ba su kai yatsun hannu biyu ba. In aka ɗauke fasto daga wani wuri, ko ciwo ya kwantar da shi, ko Ubangiji ya kira shi, sai a yi wata da watanni kafin wani ya zo. A tsakanin nan ake tura irinmu, masu bishara da ba a ɗora wa hannu an naɗa su fastoci ba, mu riƙe wurin. Ni ikilisiya bakwai na riƙe haka, ban taɓa zama fasto a ko ɗaya ba. Kana iya yin wa'azi, ka koyar da masu shirin baftisma, ka ziyarci mara lafiya, ka binne mamaci. Ba ka ba da Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙo mai tsarki, ba ka ɗaura aure, ba ka yin baftisma sai in jariri na bakin mutuwa. Ana ba ka mabuɗin akwatin da ƙoƙon Jibi yake ciki, kowace Asabar ka fito da shi ka goge da toka da tsumma, ka mayar ka kulle. Haka zai yi ta ƙyalli a cikin duhun akwati, mutane suna tambayarka yaushe, kai kuma ba ka sani ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Keke, famfo, gwangwanin sholisho da guntun roba na faci, domin tsidau na ƙasar Katagum ba ya jin kunyar mai bishara. Sai Littafi Mai Tsarki, littafin waƙoƙi, da ɗan littafin tambaya da amsa, duka a naɗe cikin fatar akuya saboda ruwa. Amma babban kayan aikin shi ne kunne. Ranar da ka sauka kowa zai zo gaishe ka, kowa kuma da abin da tsohon fasto ya hana shi. Mai waƙa zai ce fasto ya yi masa alkawarin shugabancin mawaƙa. Wata za ta ce fasto ya riga ya yarda a ɗaga mata ɗa zuwa babban aji. Biyu cikin ukunsu ba ƙarya suke so su yi maka ba, sun dai ga ƙofa a buɗe ne. In ka ce to ga na farko, kafin Lahadi ta zagayo ka rushe aikin mutum na shekara biyar.

Wanda ya koya mini wannan aiki Malam Dauda ne, wani gajeren tsoho mai kaushin murya, can ƙasarmu ta bakin Binuwai. Shekara biyu ina tura kekensa a bayansa. Duk inda muka sauka, Lahadi ukun farko ba ya barina in buɗe baki. Sai ya ce, "Zauna a gefe ka duba wa ke zama kusa da wa." Bayan sujada ya tambaye ni, in na kasa ya ja kunnena, ina da mata da ɗa fa a lokacin. Dokarsa guda ce, kullum kuma sai ya maimaita ta: abin da ka tarar, bar shi yadda ka tarar, ko benci ne kada ka matsar. Ya kan ba ni labarin wani mai bishara abokin karatunsa, wanda tausayin wata tsohuwa ya sa ya buɗe akwatin nan ya ba ta Jibi. Aka kira shi gaban taro, aka karɓe littattafansa, ya koma kamun kifi har ya mutu. Wannan labari ya shige ni fiye da yadda Malam Dauda ya nufa. Tsoron kada a ce ni Iliya na hau kujerar da ba tawa ba, shi ne ya bi ni har Azare.

An tura ni Azare ne 'yan shekaru bayan yaƙin Bama, wanda Turawa suka kwashi sojojinmu zuwa ƙetare, ana gab da faɗuwar damina. Ku da kuka san majami'un yanzu masu kwano da fanka za ku yi dariya. Ɗaki ne na ƙasa mai jinka a unguwar baƙi, benci tara a ciki. Mutanenmu duka baƙi ne daga ƙasarmu: 'yan sanda uku da iyalansu, akawu, direbobi, malamin asibiti, da tsofaffin soja. Akwai wasu gida huɗu a garin Katagum da ake kai wa ziyara sau ɗaya a wata, da mutum ɗaya ɗaya a Shira da Giade. Garin Musulmi ne, an ba mu wurin bisa sharaɗin mu yi abinmu a hankali. Ƙararrawarmu ƙarfen ƙafar babbar mota ce rataye a tsamiya, an yi magana da mai unguwa cewa Lahadi da safe kawai za a buga, sai kuwa in an yi mana mutuwa, a aika a faɗa masa tukuna. Fasto Habila, wanda na zo riƙe wa wuri, ciwon ido ne ya kama shi farat ɗaya, aka tafi da shi asibiti mai nisa yana ɗaure da fuska. Bai bar mini ko layi ɗaya a rubuce ba.

Lahadin farko na yi yadda aka koya mini, na bar dattijon ikilisiya, Baba Filibus, ya jagoranci sujada, na zauna a gefe ina kallo. Maza a dama, mata a hagu. An fara waƙar farko sai ga wani mutum ya shigo, ƙato, kansa duk furfura, ya saka tsohuwar rigar kaki da aka goge har tana tsayuwa da kanta. Bai wuce bakin ƙofa ba. Akwai wani guntun benci a can, ya zauna shi kaɗai, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Da aka zo sa albarka ta ƙarshe, kafin Baba Filibus ya ɗaga hannu, mutumin ya miƙe ya fita.

Ba sai an faɗa mini ba, wannan mai horo ne. Ku yanzu ba ku cika ganinsa ba. A lokacinmu in mutum ya yi laifin da ikilisiya ta sani, fasto da dattawa su sa shi a horo na wasu watanni. Zai zo bayan an fara, ya zauna a bencin bakin ƙofa, ya fita kafin albarka. Ba ya cin Jibi, ba ya riƙe wani aiki na majami'a. In kuma ya mutu a cikin horon, ba a buga masa ƙararrawa, ba a shigar da gawarsa majami'a, daga gida sai kabari.

Sunansa Saje Andarawus, shi ke gadin wani siton gyaɗa a bakin kasuwa. Da kaka ya je gida ƙarshen makokin ubansa, 'yan'uwa suka matsa masa a matsayinsa na babban ɗa, ya zuba giya a kan kabari yadda ake yi a gargajiya. Ba wanda ya kai ƙararsa. Shi da ƙafarsa ya je ya faɗa wa Fasto Habila, aka ba shi wata shida. Abin da ya fi ci masa rai kuwa, ƙarfen nan na tsamiya shi ya kawo shi, shi ya rataye shi, shi ke buga shi tun ranar farko. Da horo ya hau kansa sai aka ba wani ɗan sanda, wanda yake buga shi kamar yana korar awaki.

Saje ya zo gaishe ni a makon, ya tsaya ƙyam a ƙofar ɗakina sai da na roƙe shi ya zauna. Bai nemi komai ba, shi kaɗai ne a cikinsu bai nema ba. Ya ce, "Malam, na zo in sanar da kai ne kawai. Saura mini Lahadi bakwai." Na ce Allah ya kai mu. Daga nan duk Lahadi in na fito zan tarar da shi a gindin tsamiya, ya sara mini ya ce saura shida, saura biyar. Har na fara tsokanarsa, ina ce masa ko a Bama haka ya riƙa ƙirga wa Turawa kwanaki. Ya ce a Bama wanda bai iya ƙirga ba shi ake bari a daji.

Ranar Asabar ɗin da ta rage kwana ɗaya, ina goge ƙoƙon Jibi, Baba Filibus ya shigo. Mutumin kirki ne, kada ku ɗauke shi mugu, amma irin mutanen nan ne da in ka ce su riƙe maka igiya sai hannunsu ya yi jini ba su sassauta ba. Ya ce, "Malam, gobe fa watan Saje ya cika. Wa zai kira shi gaba?" Na ce yaya ake yi a nan. Ya ce Fasto ne ke tsayawa gaban bagade, teburin Jibi, ya kira sunan mutum, ya ce horonka ya ƙare, taso. "To kai ba fasto ba ne," in ji shi, "ni ma ba fasto ba ne. Wanda ya ɗaura shi ne zai kwance."

Na tuna abokin Malam Dauda da komarsa ta kamun kifi. A littafin ƙa'idodin da aka ba mu an rubuta abin da mai bishara ba ya yi, ba a ambaci horo a ciki ba, ko a ce yi ko a ce bari. Na ce a raina inda aka yi shiru, ni ma shiru ya fi mini. Na ce wa Baba Filibus zan rubuta takarda babban ofishinmu in tambaya.

Washegari Saje ya zo da sabon aski. Matarsa, Mama Rifkatu, ta ɗaura zanen da take sawa ranar Kirsimeti, ta kuma dafa shinkafa ta ajiye a gida don baƙi, wannan daga baya na ji. Na tare shi a gindin tsamiya kafin a shiga. Na ce, "Saje, ka yi haƙuri. Wannan magana ta fi ƙarfina. Fasto ne ya sa, fasto ne kaɗai zai cire. Sai umarni ya zo daga sama." Ya dube ni, ya dubi ƙarfen. Ya ce, "Haka ƙa'ida take, Malam?" Na ce haka take. Ya ce, "To shi ke nan. Kofur ba ya soke umarnin hafsa, wannan na san shi." Ya sara mini, ya jira aka fara waƙa, ya shiga ya zauna inda ya saba.

Na rubuta takardar a ranar, na ba wani direba mai zuwa Bauchi ya sa a gidan waya. Sai ruwa ya sauko. Ku da kuka tashi kuka ga kwalta ba za ku gane ba: in damina ta kankama a wancan lokaci, ana rufe hanya ne, mota ta kwana uku a bakin shinge tana jiran ƙasa ta sha iska. Takarda daga Azare zuwa ƙasarmu tana iya cin wata guda, amsarta wani watan. Kowace Laraba nakan je gidan waya, akawun ya ganni daga nesa ya girgiza kai. Saje ya daina ƙirgawa. Yanzu in na fito sai ya ce, "Ta zo, Malam?" In ce ba ta zo ba. Tun ina kallon idonsa in faɗa har na koma ina kallon takalmansa.

A tsakiyar damina tari ya kama shi. Ya ce tsohon abu ne, tun daga Bama yake zuwa yana tafiya. Amma wannan karon bai tafi ba. Ina wa'azi ina jinsa daga bakin ƙofa, yana danne shi da hankici don kada ya dame mu, kuma bencin nan daidai inda feshin ruwa ke shigowa yake. Na fara rasa inda nake a cikin karatu. Abinci ya daina yi mini daɗi. Na sake rubuta takarda ta biyu, na ja layi biyu a ƙarƙashin maganar ciwon.

Maƙwabcin majami'armu wani Babarbare ne mai ɗinkin fata, Malam Bukar, shi ke gyara mini jakar littattafai. Wata rana ina zaune a rumfarsa ya ce, "Malam Iliya, wai me ya sami ƙarfenku? Da in Saje ya buga har iyalina sun san Lahadi ce. Wannan na yanzu sai ka ce gobara." Na ba shi labarin a taƙaice. Ya ci gaba da huda fata bai ɗago ba. Can ya ce, "Ni ban san addininku ba. Amma shanuna biyu suna wurin wani Bafulatani a Bulkachuwa. In na ɗaure saniya na ce masa kwana bakwai za ta yi saboda ƙafarta, na yi tafiya, kwana bakwai ya cika, ina sa ran ya kwance ta. In na dawo bayan wata uku na tarar da ita a turke, ba zan ce ya riƙe amana ba." Na yi dariyar yaƙe na ce mutum ba saniya ba ne. Ya ce ai shi ya sa.

Da wannan maganar a kaina na tafi ziyarar Katagum. Tafiyar yini biyu ce a keke in hanya ta yi kyau, rabi kana hawa rabi kana turawa cikin rairayi. Kogi ya kawo, masu fito suka ɗora keken a kan manyan goruna, ni kuma na rungumi ɗaya da littattafaina a ka, suna iyo suna tura ni. Na yi wa gida huɗun nan sujada, na ji karatun 'yan baftisma, na yi shirin komawa ranar Litinin. Ranar Litinin ruwa ya ƙaru har masu fito suka ce ko uwarsu ce ba za su ƙetare da ita ba. Kwana tara na yi a can. Kowace safiya ina bakin ruwa ina duban wani kututture da na sa wa ido, ko ya fito. Ba abin da nake gani a raina sai tsamiyar nan, da Baba Filibus yana cewa ba za a buga ba. A bakin kogin nan na yanke shawara: in na tarar da Saje da rai, zan kira shi gaba, in ya so su karɓe littattafan.

Na tarar da shi da rai, amma a kwance. Ya rame har ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito, rigar kakin tana rataye a ƙusa, a goge. Mama Rifkatu ta ba ni kujera. Na ce, "Saje, na yi tunani. Watanka ya cika tuntuni. Lahadin nan zan kira ka gaba."

Ya juyo da kai. "Takarda ta zo?"

Na so in ce ta zo. Harshena har ya ɗauko. Amma Saje ya koyi karatu a soja, na san zai miƙo hannu ya ce in ba shi ya gani. Na ce ba ta zo ba.

"To me ya canza, Malam?"

Na ce na sake dubawa ne, na ga ba lallai sai fasto ba.

Ya yi tari mai tsawo, Mama Rifkatu ta riƙe masa ƙwarya. Da ya samu numfashi ya ce, "Ranar nan a gindin tsamiya na tambaye ka ko haka ƙa'ida take, ka ce haka take. Ina da lafiya a lokacin. Yau ka ga ina mutuwa ka ce ba haka take ba. In gaskiya ka faɗa mini a ranar, to yau tausayina kake ji. Ni laifi na yi wa Ubangiji, na kai kaina, aka yanke mini. Ba na so in tsaya gabansa a ce ta bayan gida na shigo."

Na ce, "Saje, ni na yi kuskure a ranar." Ya ce, "Wataƙila. Wataƙila kuma yau kake yi. Yaya zan sani? Bari mai ikon ya faɗa."

Na roƙe shi. Na kawo Baba Filibus, wanda ganin halin da ake ciki ya sa shi ma ya sauko, ya ce, "Andarawus, ka karɓa mana, mun yarda dukanmu." Saje ya ce ya gode. Ranar Lahadi aka kawo shi a kan jakin Malam Bukar, Mama Rifkatu na riƙe da shi. Ya sa aka tsaya a waje sai da aka fara waƙa. Ya zauna a bencin bakin ƙofa ya jingina da bango. Na tsaya gaban bagade, na ce, "Andarawus, horonka ya ƙare, taso." Duk majami'a ta juya. Ya ɗaga hannu ya sara mini daga zaune, bai tashi ba. Da aka zo albarka ya dafa kafaɗar matarsa suka fita.

Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, gero ya fara fitar da kai. Na ɗauki sandar ƙarfen da ake bugawa da ita, na ce wa Baba Filibus ya aika wa mai unguwa, ni da kaina zan buga. Mama Rifkatu ta tare ni a ƙofar gida. Ba ta kuka. Ta ce, "Malam, ajiye. Ya bar sallahu, ya ce kada a buga, kada a kai shi ciki. Ya ce umarni bai zo ba." Na ajiye. Mazanmu ba su da yawa, rabi suna bakin aiki, Malam Bukar ne ya kawo ƙannensa biyu suka taya mu haƙa. Muka ɗauke shi daga gida muka bi ta gaban majami'a, ta ƙarƙashin tsamiyar, muka wuce.

Lahadin da ta biyo baya, an fara waƙa sai ga Mama Rifkatu ta shigo. Ita fa shugabar zumuntar mata ce, wurinta bencin farko na hagu. Ta zauna a bencin bakin ƙofa, daidai inda yake zama. Kafin albarka ta tashi ta fita. Na bi ta gida na ce, "Mama, ke me kika yi? Ba ki cikin horo." Ta ce, "Na sani. Wurinsa nake riƙe masa. Ba kai ma riƙo kake yi ba? Ina jiran fasto, yadda ka ce." Ba da faɗa ta faɗa ba, har ruwa ta ba ni na sha. Lahadi tara ta yi a wurin, ni kuma Lahadi tara ina wa'azi ina kallon jinka.

Sabon fasto ya iso bayan an buɗe hanya, an fara cire gyaɗa. Fasto Yakubu, saurayi ne a kaina, siriri mai tabarau. Na ba shi mabuɗin akwati, na nuna masa komai yadda na tarar, benci tara ba wanda ya matsa. Sa'an nan na faɗa masa maganar Saje, ban rage komai ba. Na tambaye shi takarduna. Ya ce sun isa duka biyun, aka ce ai ga fasto nan tafe, in ya je ya duba. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Malam Iliya, Fasto Habila wata shida ya ce, ko cewa ya yi sai ya dawo?" Na ce wata shida. Ya ce, "To ai ya riga ya kwance tun ranar da ya ɗaura. Kai faɗa kawai za ka yi. Barinsa a can bayan wata shida, shi ne canza abin da fasto ya yi." Bai ƙara ba, bai kai ni ƙara ba, ba wanda ya karɓe mini littafi. Da an karɓe da na fi jin sauƙi.

Ranar Lahadi aka fito da ƙoƙon nan da na yi wata bakwai ina gogewa. Kafin a fara Jibi, Fasto Yakubu ya tsaya gaban bagade ya dubi bakin ƙofa. Ya ce, "Andarawus, horonka ya ƙare tun farkon damina. Taso." Mama Rifkatu ta miƙe. Ta ɗaura zanen Kirsimetin nan. Ta tako tsakanin maza da mata a hankali, ta zo ta durƙusa, ita ta fara sha. Da aka tashi, Fasto ya aika wa mai unguwa cewa mun yi mutuwa da ba mu sanar ba, ya miƙo mini sandar ƙarfen. Na buga, sau ɗaya ɗaya, da tazara, yadda ake yi wa mamaci. Malam Bukar ya fito daga rumfarsa ya tsaya har na gama.

Da Mama Rifkatu ta zo wucewa na kasa haɗa ido da ita. Ita ta tsaya. Ta ce, "Ka iya bugu, Malam. Da ya ji da ya yaba."

Na riƙe ikilisiya huɗu bayan Azare. Dokar Malam Dauda ban yar da ita ba, har yau ina ce muku kada ku matsar da benci. Amma duk inda na sauka, kafin in sha ruwa, kafin in karɓi mabuɗi, nakan tambayi dattawa wa ke zaune a bakin ƙofa, kuma wace Lahadi ce tasa. In rubuta ta a bangon littafin waƙoƙina. Kai mai farin takalmi, in an tura ka hutun naka, ka fara da wannan.